Ambulan Marar Wasiƙa

Ranar da Genzo ya fara shiga gidan wayar tsoho Rokubei da jakar wasiƙun jirgi a kafaɗa, Fusa, 'yar tsohon, tana bayan kanta tana jera kan sarki. Ya sayi ɗaya. Washegari ya dawo ya sake sayen ɗaya.

"Kai ba ka iya sayen goma lokaci guda ba?" in ji ta.

"In na sayi goma, me zai kawo ni gobe?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Daga ranar ya zama Mai Jaka a bakinta, ita kuma ta zama Tsuntsuwata a nasa.

Sojan ruwa ne a Tobiuo, tsohon jirgin yaƙi mai tafiya da iska. Jirgin ya ga jiya ya ga yau: ya yi wa Shogun, shugaban mulkin soja na da, yaƙi, ya koma hannun Sarkin Japan, ya fatattaki 'yan fashin teku a kudu, da tsufa ya kama shi aka bar masa sintirin tsibiran arewa. A cikinsa yayan Fusa ya mutu lokacin yaƙi. Gawarsa ba ta zo gida ba, sai ambulan da gashinsa a ciki. Haka sojan ruwa ke yi in mutuwa ta tunkaro: kowa ya yanki gashinsa ya rufe a ambulan da sunan gidansu, don iyaye su sami abin yi wa makoki.

Shi ya sa da Genzo ya durƙusa neman aure, Rokubei ko kallonsa bai yi ba.

"Jirgin nan ya ci mini ɗa," ya ce. "Ba zan ba shi 'yata ya mayar da ita mai takaba ba. Ga Tokuji ɗan mai shinkafa, ko kwalekwale bai taɓa hawa ba."

"Baba, ai shi ko rijiya tsoron leƙawa yake," in ji Fusa.

"To, irinsu ne ke tsufa."

Tobiuo ya ɗaga. Daga kowace tasha ambulan na zuwa da jan hatimin jirgin, Fusa kuwa ita ke buɗe jakar wasiƙu, don haka ba ta sha wahalar ɓoye wa ubanta ba.

"Tsuntsuwata, sanyin nan ya daskarar da tawadata. Da numfashina na narkar da ita don in ce miki ina nan."

Ta amsa: "Mai Jaka, in iska ta taso ka ɗaure kanka da igiya. Tun tafiyarka ko ƙofa ta bugu sai gabana ya faɗi."

Sai guguwar kaka ta zo, ta kwashe rufin gidaje, ta jefo kwalekwalen masunta kan tudu. Wasiƙu suka ɗauke. Fusa ta daina cin abincin kirki, kullum idonta na kan teku.

Wata safiya jaka ta iso daga arewa. Ta zazzage ta a tebur, ta ga ambulan masu yawa, duka da hatimin Tobiuo, duka shafal ba nauyi. Ta taɓa ɗaya, ta ji abu mai laushi a ciki. Ta taɓa na biyu, haka. Can ƙasa ta ga nata sunan da rubutun Genzo, ta yage, gashi ya zubo a tafinta.

"Baba!" ta ƙwala kira.

Rokubei da kansa ya raba sauran gida gida, yana tafe kuka na tashi a bayansa. Da ya dawo ya tuna Genzo maraya ne, ba mai yi masa komai. Tsohon nan mai taurin kai ya ajiye gashin kusa da na ɗansa, ya kunna turare, ya kira malamin haikali ya yi karatun mamaci, ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

Tokuji ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa da sabuwar riga.

"Gaisuwar mutuwa ka zo ko zance?" in ji Fusa. Ya fita sumsum.

Ba a gama zaman makoki ba, masunta suka shigo gari a guje. Wani jirgi na fitowa daga hazon teku, jigon da ke riƙe filafilan iskarsa a karye, filafilan sun zama tsumma. Tobiuo ne. Mata suka ja 'ya'yansu suka kulle ƙofa, don kowa ya san jirgin matattu kan dawo neman abokan tafiya.

Fusa kaɗai ta nufi gaɓa, ubanta na bin ta yana roƙo. Wani ramamme ya sauko, hannu ɗaure a wuya.

"Tsuntsuwata."

"Tsaya nan!" in ji ta. "Fatalwa ba ta da ƙafa. Ɗaga wandonka in gani."

Ya ɗaga. Ga ƙafafu nan, har da kaushi.

"Mun yanke gashin da muka ga ruwa ya kai mana gwiwa," ya ce. "Muka tsira muka kai wata tasha, amma jigo ya karya mini hannu. Wanda ya karɓi jakata ya ga ambulan a akwati, ya buga musu hatimi ya aika duka."

Ta faɗa ƙirjinsa tana dukansa tana kuka.

Genzo ya durƙusa gaban tsohon. "Maigida, jirgi zai gyaru, kuma zan koma. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Rokubei ya dube shi.

"Na hana ka ita don kada gidana ya yi kukanka," ya ce. "Ga shi mun yi, ba a ma ɗaura ba. Wanda na yi wa kukan ɗa, ta yaya zan ce masa baƙo? Tashi."

Da bazara aka yi bikin. Ango da amarya suka kurɓa daga ƙoƙo ɗaya bisa al'ada, sojojin Tobiuo suka cika tsakar gida da waƙa. Rokubei ya dafa kawunansu, ya ce, "Ku tsufa tare har ku gaji da juna. Kai kuma ɗana, duk inda teku ta kai ka, ka dawo mana da gashinka a kanka."