Sunanta Lu'ulu'u

“Sake faɗa in ji! Sunan wa ka ce za a sa mata?”

Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙurar katako ba ta ma bar rigarsa ba, domin daga shagon kafinta ya taho. Matarsa na zaune a gefen gado, ta rungume jaririyar da suka daɗe suna roƙon Allah ya ba su.

“Sunan Inna... Ita ce ta nema, masoyiyata. Uwa ce, yaya zan yi?”

“Uwa ce? Ni kuma mece ce? Juya? Ai haka take kirana a gaban baƙi, kai kuwa kana sunkuye kana kallon takalminka!”

Kunya ta kama shi, domin ba ta yi masa ƙazafi ba.

“Ka yi mini alkawari,” ta ce. “Ka ce duk ranar da na haifi mace, Lu'ulu'u za a kira ta.”

“Na ɗauka don kyansa kike so...”

“Kyau? Ashe ba ka taɓa saurarona ba!” Ta share hawaye da bayan hannu. “A shagon sarƙoƙin da nake aiki aka nuna mini asalinsa. Wata 'yar halitta ce mai ɓawo a cikin teku. Wani abu ya shige jikinta ya riƙa sukarta, ta kasa fitar da shi, sai ta dinga lulluɓe shi a hankali har ya zama abin ado. Haka na yi da kowace baƙar magana ta mahaifiyarka. Na haɗiye saboda kai. Wannan yarinya ce abin da haƙurina ya haifa, sannan ka ce in wuni ina kiranta da sunan mai sukata?”

“Ki yi haƙuri...”

“Ya ƙare! In ka sa mata, wallahi a gidanmu za ta girma.”

Labule ya ɗaga. Inna ce, fuskarta a murtuke, ga alama ta ji komai.

“To, sannu da wa'azi, 'yar teku! Kai kuma ka tsaya kamar an dasa ka? Ni da na sha wahalarka ni kaɗai, sunana ya yi wa 'yarka ƙanƙanta? Buɗe baki ka gaya mata!”

Bai taɓa musa wa mahaifiyarsa ba tun yana yaro. Ya durƙusa a gabanta.

“Inna, ki gafarce ni. Duk abin da na mallaka naki ne. Amma na yi shiru a inda bai kamata ba, har na cuci baiwar Allah. Sunanta Lu'ulu'u.”

“Ni ka watsa wa ƙasa a ido? Madalla! Kada ƙafarka ta sake taka ɗakina!”

Ta fice, ta buga ƙofa har jaririyar ta tsala kuka.

Ya kasa tashi. Hawaye suka zubo masa. Can sai ya ji hannun matarsa a kafaɗarsa, ta ɗora masa yarinyar a cinya.

“Rarrashe ta, Baban Lu'ulu'u,” ta ce a hankali. “Gobe da safe ka je ka gaida Inna, ko za ta kore ka. Jibi ma ka koma. Ranar da ta buɗe maka ƙofa, ni da kaina zan kai mata jikarta.”