Kyamara Uku, Fuska Ɗaya

Ranar da Auta ta fara hawa shagon kayan bidiyon da ke saman bene, da tsohuwar kyamararta a rataye ta shiga, an naɗe murfin batirin da salatif. Saurayin da ke bayan kanta ya kalli salatif ɗin, ya kalle ta, ya danne dariya.

"Hajiya, gyara aka kawo ko jana'iza?"

"Ni ba Hajiya ba ce, ita kuma ba ta mutu ba. Ita ke ciyar da ni tun da na gama jami'a." Ta kwantar da kyamarar a kan kanta a hankali. "Canji nake so, mai ɗaukar HD ta ƙwararru. Amma ba na sayen abu da jin labari. Sai na gwada."

Ya fito mata da uku. Akwai babba ta kafaɗa, irin ta 'yan talabijin, mai jawo nesa kusa, batirinta na wuni bai gaji ba. Akwai 'yar ƙarama da ake canja wa gilashi, wadda ya ce ko a duhu tana gani, sai dai in aiki ya yi tsawo takan ɗau zafi ta kashe kanta. Ta ukun tsaka-tsaki ce. Ba ta da kwarjinin babbar, amma in ta kama fuska ba ta saki, ko da mutum ya juya.

"Duk wannan bayanin kwali ne," in ji Auta. "Ni aikina a ɗakunan taro ne da rabin ƙwayayen fitilunsu suka mutu, mutanena kuma baƙaƙe cikin fararen kaya. Tsohuwar nan in ta ga fuska sai riga ta ƙone, in ta ga riga sai fuska ta koma toka. Mutum nake buƙata in gwada su a kansa. Fuska ɗaya, kujera ɗaya, haske ɗaya. In ba haka ba gwajin banza ne."

"To ki zo da wani naki mana. Ƙawa ko 'yar'uwa."

Ta gyara igiyar jakarta. Yayyenta duk sun yi aure sun watse. Ƙawayen makaranta kuwa sai in da biki suke tuna lambarta, shi ma don a yi musu alfarma.

"Ba ni da wanda zan ɗauko," ta ce, ba ta sunkuyar da kai ba.

Bai ƙara tambaya ba. Ya ja kujera zuwa lungun da haske bai cika kaiwa ba, ya gyara wuyan farar rigarsa, ya zauna.

"Ga fuska. Ba ta da wani kyau, amma baƙa ce, kuma kyauta ce."

Tun daga ranar ta sa masa Malam Fuska, shi kuma ya sa mata Darakta.

Gwajin bai ƙare a rana ɗaya ba. Takan zo da la'asar in ciniki ya lafa, ta kafa kyamara, ta ce juya hagu, tashi ka taho, yi dariya. Ya yi duk abin da aka ce, yana mita.

"Darakta, wuyana fa."

"Haƙuri za ka yi. Kai ka ba da kanka."

Daga nan sai ta koma ɗan ofishinta, ɗaki ɗaya a ƙarshen wani dogon baranda, kusa da shagon tela. Tebur, kwamfuta, fanka mai ƙara. A nan take wuni tana tace bidiyon farin cikin mutanen da in sun gamu da ita a hanya ba za su gane ta ba. A wajen taro "mai bidiyo" ce sunanta. A tsaye take cin abinci, in an tuna da ita. Ta saba, har tana alfahari da sabon. Amma yanzu fuska ɗaya ce ta cika mata allon kwamfuta gida uku, kuma ta lura tana daɗewa a kanta fiye da yadda aikin ke buƙata.

Waya ta yi ƙara.

"Darakta, ya sakamako? Wacce ta fi fito da ni?"

Ta rubuta: "Babbar ta tsufar da kai. Ƙaramar ta tona maka asiri, ashe kana da tabo a gira. Ta tsakiyar ce kawai ta faɗi gaskiya."

"Wace gaskiyar?"

"Cewa ba ka iya zama shiru ba."

Ta yi dariya ita kaɗai, har tela ya leƙo ya tambayi ko lafiya.

A gida labarin daban ne. Abba, tsohon malamin makaranta, bai taɓa son kyamarar nan ba. Shekara da shekaru yana faɗa, tana ba shi haƙuri, tana fita da safe da jakarta. Yanzu kuma ga ɗan amininsa, Injiniya, da ya fara zuwa falo da ƙamshin turarensa da makullin mota a hannu.

"Kyamara?" in ji Injiniya, yana murmushi. "Ki nuna duk wadda kike so, ni zan saya. In yara sun zo sai ki riƙa ɗaukar su a gida. Amma yawon taro cikin maza, gaskiya matata ba za ta yi ba."

"To sai ka je ka gaya wa matar taka," in ji Auta.

Bayan ya tafi Umma ta bi ta har ɗaki. "Auta, bakin nan naki! A ina kika samo shi?"

"A gidan nan, Umma."

Saura gwajin sauti. Ta maƙala masa ɗan ƙaramin makirufo marar waya a wuyan riga, ta sa hedifon a kunne. Yana cikin karanta mata bayanin wani kwali da muryar mai labarai, sai Kawunsa, mai shagon, ya ƙwala masa kira daga sito. Ya tashi da gudu ya rufo ƙofa. Makirufon na wuyansa, hedifon na kunnenta.

"Yarinyar nan ta ishe ni," muryar Kawu ta shigo mata tas. "Kullum tana cinye mana batir. Ka yi mata murmushin nan naka, ka ɗora mata babbar ta tafi. Ta daɗe a kan kanta ba mai tambaya. Mace ce, in ta ga girma za ta ɗauka."

"To, Kawu."

Auta ta zare hedifon. Sauti dai ya fita, babu ko ƙura a ciki. Ta ajiye shi a kan kujerarsa, ta ɗauki tsohuwar kyamararta, ta sauka benen ba ta waiwaya ba. Ashe murmushin ma kayan shago ne.

Saƙonni suka riƙa shigowa.

"Darakta, kin tafi ba sallama. Lafiya?"

"Kujerar na nan inda kika bar ta. Na hana kowa zama."

"In laifi na yi, ki gaya mini sunansa."

Ba ta amsa ko ɗaya ba. Ta je ɗaukar bikin yaye ɗalibai da tsohuwar, babban yatsanta danne da salatif don kada batir ya zame. Iyaye na rungumar 'ya'yansu ta cikin gilashinta. Da aka watse ta naɗe wayoyinta ita kaɗai a cikin zauren, masu shara na kewaye ta. Ta koma ofis ta zauna. Ba ta yi kuka ba, don ba ta ga wanda za ta yi wa ba. Ta buɗe kwamfuta, ta ga fuskarsa, ta rufe.

Sai wata safiya wannan saƙon ya shigo:

"Ko ba za ki ƙara kula ni ba, ki ji wannan. Kada ki sayi babbar. Ke kaɗai kike aiki, na ga yadda kike matsa kafaɗarki duk lokacin da kika sauke ta. Ƙaramar kuma za ta mutu miki a tsakiyar jawabi. Ta tsakiyar ce taki. Tamu ta sha gwaji, ki je shagon ƙasan bene, suna da sabuwa a kwali. Na gaya musu za ki zo. Allah ya sa albarka a aikinki, Darakta."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta sa takalmi ta nufi shagon.

Kawu ne a bayan kanta, fuska a ɗaure. "Yana sito. Wanda ke tura mini masu saye wajen maƙwabta, sito ne wurinsa."

Ta same shi a tsakiyar kwalaye, ƙura a gashinsa.

"Na ji ka ce masa to," ta ce.

"Kin ji?" Hannunsa ya tafi wuyan rigarsa. "Innalillahi. Makirufon!" Ya dafe kai. "Mai sayar da makirufo ya manta da makirufo a wuyansa. Wallahi in 'yan kasuwar nan suka ji, na shiga uku."

"Ba dariya na zo yi ba."

"Na sani." Ya sauke murya. "Kawu ne ya riƙe ni tun rasuwar babana. Ba na iya ce masa a'a ido da ido. To nake cewa, sannan in fito in yi abin da ba zan ji kunyarsa ba gaban Allah. Murmushin kuwa ba shi ya sa ni ba. Shi wannan tun shigowarki ta farko ya kama ni, ya ƙi saki. Me ya hana ki tambaye ni?"

Ta kalli kwalayen. "Ban saba da samun wanda zan tambaya ba."

"To ki saba. Ina son ki, Darakta. Da bakin naki, da taurin kan, da komai."

"Gashinka duk ƙura," ta ce, don abin da ta iya faɗa ke nan. Amma ba ta tafi ba.

Da maganar ta isa gida, Abba ya cire tabarau ya ajiye.

"Yaron shago? Mamana, na kai ki jami'a don ki ƙare a sito?" Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ko cikin fushi bakinsa ba ya iya kiranta da wani abu daban.

Ta durƙusa. "Abba, ba zan auri wanda ba ka sa wa albarka ba. Amma wanda ba na so ma ba zan aura ba. In zama ne, na iya zama ni kaɗai. Na daɗe ina yi."

Aka shiga zaman shiru. Ta gaishe shi da safe, ya amsa yana kallon jarida. Ta sayi ta tsakiyar, aikinta ya yi kyau har aka fara kiranta daga wurare masu nisa, amma ba wanda za ta nuna wa a gida. Malam Fuska ya daina zuwa ko kusa da layinsu, don kada a ce ya raina manya. Saƙo kawai.

"Daraktata, kin ci abinci? A zaune nake nufi."

"Na ci. Ka gaji da jira?"

"Mutumin da ya wuni a kujera ana ce masa juya hagu? Jira sana'ata ce."

Watanni suka shuɗe a haka. Sai Abba ya aika aka kira Injiniya, suka yi magana a falo, ya tafi yana fara'a. Washegari Abba ya ce a kira yaron shagon. Auta na tsaye bakin ƙofa da tiren shayi lokacin da Abba ya jefa masa tambayar.

"In na ba ka ita, za ta ajiye kyamarar nan?"

Auta ta san Malam Fuska da cewa to a gaban manya.

Ya ɗago kai. "A'a, Abba. Ka gafarce ni. Ba za ta ajiye ba, ni kuma ba zan ce ta ajiye ba. Abin da zan iya shi ne in riƙa ɗaukar mata kaya in na tashi daga aiki."

"Tashi ka tafi," in ji Abba.

Ya tafi. Shayin ya huce a hannunta. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta tabbata magana ta mutu, kuma duk da haka ta ji wani abu mai kama da alfahari ya cika mata ƙirji.

Da yamma Abba ya kira ta tsakar gida.

"Na yi wa Injiniya tambayar nan jiya. Ya ce ranar da aka ɗaura aure, ranar za ki ajiye." Ya juya tabarau a hannunsa. "Abin da nake so in ji ke nan. Amma da na ji shi a bakin wani, sai ya yi mini ɗaci. Ni da na haife ki na yi shekaru ina fama, ban iya ba. Wanda ya ce zai iya a rana ɗaya, ko bai san ki ba, ko so yake ya karya mini ke. Shi kuwa yaron shagon, gumi yake yi, amma bai yi mini ƙarya ba." Ya yi gyaran murya. "Ki ce ya turo Kawun nasa."

A nan ne Auta ta yi kukan, kanta a gwiwar Abba, Umma na daga ƙofar kicin tana share ido da bakin mayafi.

Ranar bikin wata yarinya aka ɗauko ta yi bidiyo. Auta na zaune cikin kwalliya, yayyenta kewaye da ita, amma idonta na kan mai kyamarar.

"Dubi inda ta tsaya," ta raɗa wa angon. "Taga na bayan mutane. Duk fuskokin za su yi baƙi."

"Amarya, yau hutu kike."

"Bari in gaya mata kawai..."

Ya riƙe hannunta. "Zauna. Darakta ta tafi gida."

Ta zauna. Abba ya taso a hankali, ya tsaya a kansu.

"Mamana, na ba shi ke da taurin kanki, ban rage komai ba. Kai kuma ka gani da idonka ka ɗauka, kada ka dawo mini da ƙara." Aka yi dariya. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku zame wa juna abokan hira har tsufa. Allah ya sa albarka a aikin hannunku, ku duka biyun."

Ɗakin ya amsa da amin. Auta ta ɗago ta kalli Abba, don wannan ne karo na farko da ya sa wa aikinta albarka, sannan ita ma ta ce amin.