Injin da Ke Tari In Ya Ga Maƙwabci

A wani gari na bakin kogi an yi wani mai fito, yana da kwale-kwale mai inji. Injin lafiya lau yake, amma da zarar jirgin maƙwabcinsa ya ɓullo a tsakiyar ruwa, sai ya kama tari, ƙarfinsa ya tafi.

Mai fito ya canza fulogi. Maƙwabci ya ɓullo, inji ya yi tari. Ya tace fetur da ƙyalle, ko wani ya zuba masa ruwa. Maƙwabci ya ɓullo, inji ya yi tari. Ya ce, "Shi ke nan, asiri ya yi mini." Ya daina gaishe shi.

Ran kasuwa ya ɗauko wata tsohuwa da kwandon ɗanyen kifi. Maƙwabci ya ɓullo. Mai fito ya miƙe tsaye yana hararsa, yana leƙen mutum nawa ya ɗauko. Inji ya yi tari, ruwa ya fara jan su wajen duwatsu.

Ya ce, "Iya, kin gani da idonki? Mugun nan ne!"

Tsohuwa ta ce, "Na gani, ɗan nan. Ɗaga ƙafarka."

Ya duba. Ashe duk sanda ya miƙe, diddigensa kan tiyon fetur yake sauka. Ya ɗaga, inji ya ɗauka.

Maƙwabci ya matso ya ce, "Lafiya? Ko in ja ku?"

Mai fito ya zauna.

Tsohuwa ta ce, "Amsa masa mana. Amma daga zaune."