Injin Bakin Taga

Tsohon tela ya mutu a kan injin wankin ƙoda na bakin taga, kuma injin bai yi ko tari ba. Iska ce ta shiga jininsa. Da aka buɗe bayan injin, sai ga wayar ƙararrawar gargaɗi a yanke, an naɗe ta da filasta tsaf, an kuma sassauta bakin robar jini.

Sufeto ta tsaya a kan gawar, ba ta yi kuka ba. Kawunta ne, shi ya raine ta. Ta ja mayafi ta rufe masa fuska.

"Kawu, ko waye, sai na ga bayansa."

Ta fara da injiniyan asibitin.

"Kai ke da sukundireba."

"Ranki ya daɗe, mai gadi ma yana da ita. Ni da zan yi ɓarna, sai in yi a injin da ni za a fara kamawa?"

Jiya da yamma, lokacin da aka rufe ɗakin, yana wani asibiti yana gyara, mutane sun gan shi. Nas ɗin ɗakin kuwa tela ne ya ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta kyauta. Kuka ma ya hana ta magana. Wa zai kashe mutumin da ko kaza bai taɓa kora ba?

A ofishin ƙarshen baranda ta sami mai tsara aiki, wata 'yar siririya mai tabarau.

"Me ya kai kawuna bakin taga? Kullum a kusa da ƙofa nake samunsa."

"Lissafi ne ya kai shi. Da, kowane majinyaci da injinsa, kamar gadon gidansu. Sai wani inji ya gaji, wani yana hutu, layi ya yi tsawo. Yanzu kwamfuta ke duba awannin da kowane inji ya yi, ta raba mutane kowace safiya. Na bakin taga ya kusa shiga gyara, shi ya sa ta ba shi mai gajeren wanki."

"A da, wa ke hawansa?"

"Wani ɗan kwangila. Shekara da shekaru, wai yana son iska."

Sufeto ta dube ta. Ashe ba kawu aka nufa ba.

"Wa ya san an daina tsohon tsari?"

"Duk wanda ya zo bitar sabon tsarin."

"Wa bai zo ba?"

Ta gyara tabarau. "Babban likita. Ya ce shi ba zai koyi aikinsa wajen akwatin lissafi ba. Ko allon bai taɓa kallo ba."

Kafin azahar Sufeto ta tono sauran. Ɗan kwangilar nan shi ya gina ɗakin kwanan ɗalibai da ya rufta bara, kotu ta sallame shi. Cikin waɗanda suka mutu akwai 'yar babban likita, ita kaɗai gare shi.

Ta tare shi yana wanke hannu, fitowarsa ke nan daga tiyata, inda yake tun safe ba wanda ya shiga masa.

"Likita, an yi rashi a injin bakin taga."

Ya ci gaba da wanke hannu a natse. "Allah Ya jiƙan ɗan kwangila."

"Ɗan kwangila yana can kusa da ƙofa yana latsa waya."

Ruwa na ta zuba, hannunsa ya tsaya cak.

"Makullin ɗakin uku ne: na injiniya, na nas, da naka," in ji ta. "Injiniya da nas sun san kwamfuta ke raba injuna, ba za su ɗana tarko a wurin da ba su san wa zai hau ba. Kai kaɗai ke zaton har yanzu kowa da nasa."

"To... wa ya hau?"

"Wanda ya goya ni."

Ya zame ya zauna a ƙasa. "Ya kashe min 'ya, yana yawo a mota. Ni kuma in riƙa wanke masa jini? Ke 'yata, ki fahimce ni."

"Kada ka ƙara ce min 'yarka."

Ta danna masa ankwa har sai da ya yi ƙara. Akwai ƙofar baya, amma ba ta bi ta nan ba. Ta tsakiyar ɗakin wankin ƙoda ta ja shi, ta tsayar da shi daidai gadon ɗan kwangila.

"Likita, lafiya?" in ji mutumin, yana ajiye waya.

"Amsa masa," in ji Sufeto. "Gaya masa lafiyarsa lau, a hannunka."