Kayan Ɗakin Hansai

Hansai na tsinke yakuwa a tsakar gidansu a unguwar Briqueterie, Baffa Baballe, ƙanin marigayi mahaifinta, ya yi sallama yana fara'a.

"An gama, 'yata! Masu gina gidaje sun taya gonar babanki ta wajen garin Obala. Gado, kujerun salon, firji, duk za a jera miki!"

Tiren yakuwar ya kusa suɓuce mata. A gonar nan ta koyi tafiya, tana riƙe da wandon Baba tsakanin kunyoyi. Duk hutun makaranta can suke yi, su gasa masara, su dawo kaca-kaca da jar ƙasa. Maƙwabta sun sayar ɗaya bayan ɗaya, yanzu bulo ya kewaye ta ta gefe uku.

"Baffa, ka yi haƙuri. Ban yarda ba."

"Uwar mijinki fa ta rantse ba za a kai wa ɗanta amarya da tabarma ba!"

Gaskiya ya faɗa. Hajiya Fanta, mahaifiyar Nu'man da zai auri Hansai, mace ce da ke ƙirga tukwanen amaren mutane kamar ita ta saya. Da labari ya kai mata gidanta a unguwar Tsinga, ta ce a ɗaga biki sai abin da hali ya yi.

Hansai ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da Nu'man ya zo zance, ko kallonsa ta kasa yi.

"In ka gaji, ka nemi wata. Ba zan riƙe ka ba."

"Na ji, kin gama? To ranar Asabar ki tanadar min fartanya."

Damina biyu yana hawa babur zuwa gonar, ɗan birni da bai san dawa da ciyawa ba, hannunsa duk ya yi kanta. Baffa ya daina amsa gaisuwarta. Ƙawaye suka yi ta aure suna wuce ta.

Wata Asabar Hansai ta cika kwando da yakuwar gonar ta ce Nu'man ya kai wa Hajiya. Hajiya ta ɗaga ganye ɗaya mai jan kara, ta murza, ta shinshina.

"Irin wannan babana yake shukawa a gonarmu ta Elig-Edzoa," ta ce a hankali. "Mu muka matsa masa ya sayar saboda bikina. Gadon ko shekara biyar bai yi ba ya karye. Yanzu in na wuce, ko inda rijiyar gonar take ba na ganewa."

Ta share hawaye da bakin mayafi.

"Je ka ce wa Baballe a sa rana."

Aka kai Hansai da katifa ɗaya da tukwane huɗu na kuɗin tumatir ɗin da suka noma a gonar. Wata baƙuwa ta taɓe baki ta ce ina kayan ɗakin?

"Yana Obala," in ji Hajiya. "Mota ba ta iya ɗauko shi."

'Yan mata, kayan ɗaki tsufa suke yi, ƙasar da aka zuba wa siminti kuwa ba ta dawowa. Hansai ta yi haƙuri, ta sami mijinta, gonar Baba kuma tana nan.