Tsirkiyoyin Kuramochi-sensei

Da hantsin Litinin Kuramochi-sensei, tsohon makaɗin da kowa ke kira sensei, wato malam, ya buɗe akwatin jitarsa a kan kantar shagon Nagumo, a layin masu kayan kiɗa na Ochanomizu, ya tsaya yana kallo. Jitar bes ɗinsa ce dai, wato mai kaurin sauti, mai tsirkiya huɗu, fentinta ya koɗe inda hannu ke gogawa. Ba a musanya ta ba. Tsirkiyoyin ne suke ta ƙyalli.

"Ina tsirkiyoyina?" ya ce.

Duk ɗan layin nan ya san tsirkiyoyin Kuramochi. Masu santsi ne irin na da, kuma sama da shekara talatin bai sauya su ba. Gumi da maiƙon hannu sun cika su har sautin ya dushe, ya koma wani gurnani mai kauri da mawaƙa ke rububin a saka musu a faifai. Samari sun sayi feda iri-iri, akwatunan nan da ake takawa su sauya sauti, wai ko za su kamo shi. Har yau suna saya.

Ranar Juma'a ya kawo jitar domin a gyara ramin da ake cusa waya, ya kuma gargaɗe su kada a taɓa kunnuwan ɗaure tsirkiya. Shiomi Kanae ce mai gyara a shagon, ita ta karɓi aikin. Nagumo mai shago ya ɗauki jitar ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya juyo ya dube ta.

"Kin ji? A sassauce take, yadda kuke sassautawa in za ku yi gyara. Kin tsinka ɗaya, tsoro ya kama ki, kika sauya duka."

"Ban taɓa su ba," in ji ta.

"Shiomi-san, ki faɗi gaskiya, ki ba sensei haƙuri, ki tattara kayanki kafin mu rufe. Ba zan ajiye mai gyaran da ke ɓoye ɓarna ba."

A layinmu ba a buƙatar jarida. In aka kori mai gyara kan irin wannan, kafin magariba duk shagunan sun ji, kuma babu wanda zai sake ba ta ko igiyar rataya jita ta gyara. Shiomi ta san haka. Ta tsaya riƙe da bakin teburinta, ta ƙi sunkuyar da kai. Sensei kuwa ya buga wa 'yan sanda waya.

Sajan Ubukata ya iso a kan keke. Mutum ne mai furfura, marar gaggawa, wanda kunnensa ba ya bambance kiɗa da ƙarar jirgin ƙasa, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

"Me aka sace?"

"Tsirkiya huɗu," in ji sensei.

"Sababbi?"

"Tsofaffi. Aka saka sababbi."

"To. Sensei, ni da ɓarawon nan zai bi ta kan tayoyin kekena, ai har da tukuici zan ba shi."

Ba wanda ya yi dariya. Ubukata ya gyara murya ya ce a nuna masa inda jitar ta kwana. Wani lungu ne a bayan shago, inda ake jera kayan da aka gama gyarawa, ƙofarsa na kallon ƙofar ɗakin gwaji, inda masu saye ke shiga su rufe su gwada kaya. Kyamarar shagon ba ta ganin komai sai kantar ciniki da ƙofar waje. Ya zauna ya duba hoton. Ranar Asabar Nagumo bai bar kantar ba sai da ya je cin abinci, shi ma waje ya fita. Lahadi shago a rufe, ƙararrawar tsaro ba ta motsa ba. Ubukata ya cire Nagumo daga cikin waɗanda ake zargi, ko da yake bai so ba.

"Shiomi-san, yaushe kika gama aikin?"

"Asabar da safe. Na mayar da ita akwati, na kai lungu."

"Da tsofaffin tsirkiyoyi?"

"Da su."

"Daga nan fa?"

"Ina kan teburina, a nan gaba, bayana ne ke kallon lungun."

"Mai gidanki ya ce a sassauce take."

Ta nemi izinin sensei da ido. Ya kau da kai, ta ɗauka a matsayin izini. Ta jona jitar da ƙaramar na'urar saiti, ta kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, Ubukata na leƙen allurar. Kowane karo allurar tsakiya take tsayawa cak.

"Ni ban iya kiɗa ba, amma na iya kallon sikeli," ya ce. "Wannan ai daidai ne."

"Daidai ne, amma a ƙasa," in ji Shiomi. "Duka huɗun an sauke su rabin mataki daga inda kowa ke saitawa. Mai sassautawa murɗa kunne kawai yake yi, kowace ta faɗi inda ta ga dama. Wannan saita su aka yi, har aka ja su don kada su zame."

"Wato ɓarawo ya tsaya ya yi saiti."

"Babu makaɗin bes da zai ɗaura tsirkiya ya tafi ya bar ta ba saiti," sensei ya faɗa, kamar an zage shi. "Wuyan jitar zai lanƙwashe."

Nagumo ya ce wannan ba ya wanke kowa, ita ma ai ta iya saiti. Ubukata ya amsa cewa haka ne, sannan ya tambayi waɗanda suka shiga ɗakin gwaji ranar Asabar. Mutum biyu ne, duk 'yan gida. Ya sa aka kira su, kowa ya zo da kayan kiɗansa.

Anzai Tomoe ce ta riga zuwa, mai kiɗa a wuraren biki, doguwar mace mai saurin baki.

"Feda biyu na zo kwatantawa, masu matse sauti," ta ce. "Ɗaya tana cinye min ƙasan sautin, ɗayar kuma tsada. Na bar musu kayansu."

"Kin daɗe a ciki?"

"Ko shayina bai huce ba. Kuma ƙofa a buɗe na bari, ɗakin nan warin safa yake yi. Nagumo-san, ka ji na faɗa a gaban hukuma."

"Kin san tsirkiyoyin sensei?"

"Wa bai san su ba? Sensei, ka yi haƙuri, amma ko kyauta aka ba ni ba na so. Ni duk wata nake sauyawa, masu kaushi nake sakawa, ina son in daki waya ta yi ƙara. In sa hannu a dattin shekara talatin? Sai dai da safar hannu."

Kyamara ta nuna shigarta da fitarta, lokacin ko tsirkiya biyu ba zai isa a kwance ba. Ubukata ya ce ta ɗan jira.

Tateishi Noboru ya zo daga ofis da kwat ɗinsa, jakar fedoji a hannu. Ma'aikacin kamfanin inshora ne, mai ladabi har ya yi yawa. Shekara da shekaru duk Asabar yana shagon, yana kwatanta wuya mai faɗi da siriri, katako mai nauyi da marar nauyi, feda kaza da feda kaza. Rabin albashinsa a layin nan yake ƙarewa, kuma ban taɓa ganin ya fita da fara'a ba. Da ya ga sensei sai ya rusuna har jakar ta taɓa ƙasa.

"Ka daɗe a ɗakin gwaji," in ji Ubukata.

"Na daɗe, ranka ya daɗe. Jita biyu nake kwatantawa."

"Ka fito ko sau ɗaya?"

"A'a."

"Ni shaida ne," Nagumo ya sa baki. "Tun da ya shiga kiɗa bai yanke ba. Daga kanta ina ji. Mutum ba ya kiɗa yana kwance tsirkiya, Sajan, hannu biyu gare shi."

"Me yake kaɗawa?"

Nagumo ya ɗan rera da baki. "Wannan dai, yana ta maimaitawa. Har na ce a raina Tateishi-san ya ƙware, yau ko tuntuɓe ɗaya babu."

Anzai ta tuntsire da dariya. "Tateishi-kun? Babu tuntuɓe? Ai ko a mafarki sai yatsansa ya zame."

Kunnuwan Tateishi suka yi ja. Ubukata ya sa shi ya buɗe jakar, ya tsuguna yana nuna fedojin ɗaya-ɗaya kamar mai tayin tumatir. Wannan na ƙara kauri. Wannan na kawo amsa-kuwwa. Wannan ta saiti ce. Da ya zo kan wata ja, sai Tateishi ya yi jinkiri.

"Mai maimaici ce," in ji Anzai. "Ka kaɗa abu sau ɗaya ka taka ta, ta yi ta maimaita maka har ka je wanka ka dawo."

Ubukata ya sa Nagumo ya sauko da wata bes daga bango, ya murɗe kunnuwanta da kansa, ya lalata saitin.

"Kowa ya saita min ita da abin da ya saba. Shiomi-san, fara."

Ta saita da na'urar teburinta. Ubukata ya ce sensei ya kaɗa babbar tsirkiyar bes ɗin tare da ta jitarsa. Sautukan biyu suka yi ta karo da juna, har shi Ubukata sai da ya yamutsa fuska. Ya sake lalata saitin ya miƙa wa Anzai. Ta yi da tata na'urar, aka gwada, karon bai sauya ba. Ya sake lalatawa ya miƙa wa Tateishi.

Tateishi ya jona waya, ya taka fedarsa ta saiti, ya bi tsirkiyoyin a tsanake har fitila ta yi kore a kan kowace. Aikin ya fita tsaf. Sensei ya kaɗa biyun tare. Sauti ɗaya ne ya fito.

Kowa ya juyo ya dubi Tateishi.

"Tateishi-san," in ji Ubukata, "me ya sa taka ke sauka ƙasa?"

Tateishi ya dubi fedar. "Muna da ƙungiyar kiɗa a ofis," ya ce a hankali. "Shugaban sashenmu ne mawaƙi. Muryarsa ba ta kai sama, kuma ba mai iya gaya masa. Sai muka haɗa baki, kowa ya sauke na'urarsa rabin mataki. Shi yana ganin har yanzu yana kaiwa. An daɗe da yin haka, ni har na manta a sauke take."

"Ka taka jar fedar nan, kiɗa na tashi," Ubukata ya ce, "ka buɗe ƙofa ka jawo akwati daga lungu. Ka kwance tsofaffi, ka ɗaura waɗanda ka zo da su, irinsu sak. Da ka tsaya nan, da har gobe ana zargin Shiomi-san. Amma kai makaɗi ne, ba ka iya mayar da jitar sensei ba saiti. Ka taka fedarka, fitila ta yi kore, ka ɗauka ka gama lafiya. Ina suke?"

Suna cikin jakar, a aljihun ciki, ya naɗe su da ƙyallen hannu. Ya fito da su da hannu biyu, ya durƙusa a gaban sensei, goshinsa a ƙasa.

"Na gwada komai, sensei. Irin jitarka na saya, irin lasifikarka na saya. Su kaɗai suka rage. Na ce in ɗaura su sau ɗaya in ji, in dawo da su."

"Ka ɗaura?"

"Jiya."

"Me ka ji?"

Tateishi ya girgiza kai, domin sautin sensei bai fito ba. Sensei bai sake tambaya ba. Ubukata ya ɗaga Tateishi ya ce su taka zuwa ofishin 'yan sanda, sauran magana a can, amma ya tsaya a bakin ƙofa domin bai ga an gama da Shiomi ba.

Nagumo ya yi ta goge kanta wadda ba ta da ƙura. Daga bisani ya rusuna ya ce, "Shiomi-san, na yi gaggawa. Ki koma bakin aikinki." Ta gyaɗa kai kawai. Abin da ya fi damunta ba na Nagumo ba ne. Mutumin da duk layin ke jin maganarsa ya wuni yana ɗaukar ta maƙaryaciya, kuma har yanzu bai dube ta ba.

Sensei ya warware ƙyallen, ya tura tsirkiyoyin gabanta tare da jitar.

"Mayar min da su."

Ta ɗaga siririyar ta duba ta a haske. "An kwance su an ɗaura, an sake kwancewa. Wannan ta karye a ciki, nan inda ta lanƙwashe. Ba lallai ta ɗauka ba, sensei. In ta tsinke, a hannuna za ta tsinke."

"Na ji. Ɗaura."

Ta fara da babbar, tana murɗawa kaɗan-kaɗan, tana tsayawa. Tsirkiyar ta zauna. Ta biyu ta zauna, ta uku ma haka. Anzai, wadda ba ta iya shiru, ta toshe bakinta da hannu. Shiomi ta zura siririyar, ta murɗa, sautin na hawa, saura ƙiris ya kai. Sai ta tsinke, tas, bakin ya tsarge ta a bayan hannu.

Nagumo ya runtse ido. Shiomi ta ajiye hannuwanta a kan tebur, jini na tsattsafowa, ta jira abin da za a ce.

Sensei ya ɗauki guntun ya juya shi, ya naɗe a ƙyalle ya sa a aljihu. Sannan ya dube ta, karo na farko tun safe.

"Rabona da sayen tsirkiya tun ba a haife ki ba," ya ce. "Ban san abin da ake yi yanzu ba. Wacce za ta zauna lafiya da waɗannan tsofaffin?"

"Akwai iri uku da za a iya gwadawa. Sai ka ji su ka zaɓa."

"A'a. Ke za ki zaɓa, Shiomi-san. Abin da kika ɗaura, da shi zan shiga situdiyon ɗaukar faifai."

Ta goge bayan hannunta, ta jawo aljihun teburin da take ajiye sababbin tsirkiyoyi.