Buhun Agushi a Ajin Sharifa

A bakin rumfata a kasuwar Lafiya suka fara ganin juna, shekarar da wayar hannu ta cika gari. Jikata Sharifa na zaune kan buhun agushina tana kuka, sai wani ɗan acaɓa, Abdulrauf, ya taka birki.

"Malama, wa ya taɓa ki? Nuna min shi in bi shi da mashin."

"Yara ne," ta ce. "Sun ƙi magana."

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma mota ta kife da ni a hanyar Doma na fito da ƙafata, kububuwa ta sare ni ita ta mutu. In na ce yarinyar nan tana cikin tashin hankali, ku yarda. Koyon malanta take a wata sakandare, darasin adabi. Ta karanta labari, ta tambayi ra'ayin ɗalibai, kowa ido a ƙasa. Mai duba malamai ya taɓa kayar da ita a kan haka.

Soyayya ta kama Sharifa da Abdulrauf. Ubanta Ɗanmusa, ɗana, ya ji labari.

"Ɗan acaɓa? In ta sake faɗuwa, shi ya ɗauke mata hankali. Garin Awe za ta, ta taya gwaggonta dafa gishiri. In ta ci, ya turo manyansa."

Ta tura wa Abdulrauf saƙo: "Zumana, jibi mai duba zai dawo. Na roƙe su, na yi faɗa, har alewa na kai, shiru. Ina jin rabuwarmu ta zo."

Ya amsa: "Tauraruwata, ba inda za ki. Ina nan."

Alhali ba shi da wata dabara. Ya zo rumfata ya zauna, ido ja, ko fasinja bai ɗauka ba. Can gefe mata na ɓarar agushi, wata yarinya a cikinsu tana ta zuba labari, hannu na aiki baki bai tsaya ba. Sharifa ta iso ta yi turus.

"Ngunan ce, 'yar ajina. Ban taɓa jin muryarta ba."

Abdulrauf ya miƙe. "Kaka, ara min buhu ɗaya."

"In bai dawo a ɓare ba, ni da kai ne," na ce.

Ranar zuwan mai duba, ta raba wa kowane ɗalibi agushi tafi guda, ta bar allo ta zauna cikinsu. Mai duba ya shigo ya ga ɓawo ko'ina.

"Aji ne nan ko kasuwa?"

Ta karanta musu labarin yaron da ya sayar da gonar ubansa. Shiru, sai ƙas-ƙas ɗin ɓarar agushi. Hawaye ya cika mata ido. Abdulrauf na bayan taga yana ta salati.

Sai Ngunan, idonta kan yatsunta, ta ce, "Malama, yaron ba shi da laifi. Babansa ya hana shi ko kunyar doya ɗaya."

"Ƙarya ne," in ji wani ɗalibi, Sebastian, daga bayan aji. "A wajenmu gona ba a sayarwa."

Gardama ta ɓarke har aka buga ƙararrawa ba wanda ya tashi. Mai duba ya ja kujera, ya miƙa wa Sharifa hannu.

"Ɗebo min nawa, Malama. Kin ci."

Ɗanmusa ya yi gunaguni, amma jinina ba ya saɓa alkawari. Bayan babbar Sallah ni na ba da aurenta, da muryar da ba ta buƙatar lasifika.

Da aka kai ta ɗaki ta ce masa a hankali, "Zumana, da na tafi Awe fa?"

"Da kin gan ni ina acaɓa a bakin gishiri."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.